Ta Iya, Amma Tana da Hali?

Duk wadda take halartar tarurrukan ƙara wa juna sani ta saba jin kalmar nan ta Turanci, capacity. Asalinta daga harshen Latin ne, daga wata kalma mai nufin ɗauka ko riƙewa, kamar yadda tulu yake riƙe ruwa. Bature yana amfani da ita a kan yawan kujerun mota, da ƙwarewar ma'aikaci, har da matsayin da mutum yake magana da shi. Mu kuwa Hausawa mun raba ta gida-gida, kuma a cikin wannan rabo akwai darasin da ya shafi zamanmu.

Idan mazubi ne, sai mu ce yana "ci" ko yana "ɗauka": jarka tana cin lita 25, buhun shinkafa yana ɗaukar kilo 50. Idan ƙwarewa ce, sai mu ce "iyawa": wance ta iya girki, ta iya ɗinki. Na jiki shi ne "ƙarfi". Na matsayi shi ne "iko" ko "isa", shi ya sa ake cewa "ba ki isa ba". Na aljihu kuma shi ne "hali". Wannan ta ƙarshe daga Larabci muka aro ta, kuma tana da fuska uku: mai hali shi ne mai dukiya, halin da ake ciki shi ne yanayi, sannan ga halin da ake ce wa zanen dutse. Ita ma "iya" ku lura da ita. Da ita muke cewa "na iya", da ita kuma muke cewa "iya nan zan tsaya", ko "iya gwargwado". Wato a bakin Bahaushe, iyawa da iyaka tare suke tafiya.

To, tambayar ita ce: shin adalci ne a nemi mutum ya yi duk abin da ya iya? A ganina yawancin zaluncin da muke yi wa junanmu a cikin gida daga cakuɗa waɗannan kalmomi yake tasowa. Ga matar da kowa ya shaida ta iya girki. Suna ya tashi a dangi, ita ce a bakin murhu tun asuba. Biki ya zo, ita ce. Ga goyo a baya, wataƙila ga wani cikin, amma sai a ce "ai ke ce kika iya". Gaskiya ne ta iya, sai dai babu wanda ya tsaya ya tambaya ko tana da ƙarfin yi a wannan rana. An dubi hannunta, an manta da jikinta.

Haka muke yi wa mazajenmu da iyayenmu a harkar biki. Uba yana da ikon aurar da 'yarsa, amma wannan bai nuna yana da halin yin kayan ɗaki irin na gidan maƙwabta ba. Sai a matsa masa, a ci bashi, a kwashi adashi tun kafin lokaci, a sayar da 'yar gonar da ake ci daga gare ta, don kawai kada a ce gara ba ta cika ba. Mu kanmu sau nawa muke yanka anko alhali kuɗin makarantar yara yana jira? Kalmar "ba ni da hali" ta zame mana abin kunya, mun fi son mu kwana da bashi a kan mu furta ta.

Abin da ya fi mazubi yawa kuwa, zubewa yake yi, wani lokaci har da mazubin. A ƙarshen watan Nuwamba na 2021 wani kwale-kwale ya kife a Bagwai ta jihar Kano, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, aka kuma danganta abin da yawan lodi. Allah Ya jiƙansu. Jirgin ya saba ƙetare ruwan, matuƙin ya san hanya, lodin ne ya wuce abin da zai ɗauka. Mutum ma haka yake, illa dai nutsewarsa a hankali take zuwa: hawan jini, saurin fushi, ƙosawa da yara, da gaba tsakanin 'yan uwa saboda bashi.

Addininmu bai bar wannan batu ba. Ayar ƙarshe ta Suratul Baƙara ta ɗaure abin da ake ɗora wa rai da gwargwadon abin da zai iya ɗauka, kuma kalmar da ta zo a wurin tushenta ɗaya da yalwa. Aikin Hajji an shardanta shi da samun iko. Mara lafiya yana salla a zaune. A Suratuɗ Ɗalaƙ an auna ciyarwa da abin da ke hannun mai gida. Idan Mahalicci Ya yi mana wannan rangwame, da wane dalili mu za mu hana juna?

Wata za ta ce, ai wannan magana ƙofa ce ga malalata, kowa sai ya fake da "ban iya ba". Maganarta tana da ƙamshin gaskiya, kuma a nan ne rabon kalmomin yake da amfani. Iyawa tana ƙaruwa da koyo, don haka "ban iya ba" uzuri ne na ɗan lokaci. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis suke kai karatu ga matan karkara, kuma matan da ba su taɓa karatu ba suka koya. Hali da ƙarfi kuwa suna da ma'auninsu a kowace rana, kuma ba a faɗaɗa su da gori ko kunya. Wadda ta ce ba ta iya ba, a koya mata. Wadda ta ce ba ta da hali ko ƙarfi, a sauƙaƙa mata, ko a kama mata.

Saboda haka 'yar uwa, kafin ki ɗora wa wata aiki, ko ki nemi wani abu wurin mai gida, ki tambayi kanki: iyawa nake dubawa, ko hali? Ke ma idan aka zo miki da abin da ya fi ƙarfinki, ki faɗi gaskiya cikin ladabi: "Yaya, ki yi haƙuri, iya abin da zan iya ke nan." Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Allah Ya ba mu ikon sanin iyakarmu, Ya kuma yalwata mana, amin.