Tausayi Ko Haƙƙi?

'Yar'uwa, ga tambaya. Gurguwa ta je awon ciki asibitin gwamnati, ta tarar da matattakala a ƙofa. Maza biyu suka cicciɓe ta da kekenta suka haura, jama'a na ta "Allah sarki". Shin an kyauta mata?

Ni dai a ganina mazan sun samu lada, amma wanda ya tsara ginin ya ɗauki alhaki. Matar aure ce fa, da cikinta da kunyarta. Wace ce cikinmu za ta so a sungume ta a bainar jama'a duk ranar awo? Kurma kuwa sai ta zo da ɗanta ƙarami, shi zai gaya wa likita abin da ko uwarta take jin nauyin sanarwa.

Ba mu da rowar sadaka ga naƙasassu, wannan kam gaskiya ne. Sai dai sadaka a bakin ƙofa ake miƙa ta, mai karɓa yana waje.

A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su yi gangaren da keken guragu zai hau, ta kuma ware musu kashi 5 cikin 100 na aikin gwamnati. Wa'adin ya cika tun 2024. Don Allah, buhun siminti nawa gangaren nan zai ci? In kin kai yaro rigakafi, dubi ƙofar asibitinku, sannan ki leƙa banɗakin.