Lambobin Yaran Hitila: Kayan Tarihi ko Kuɗin Jini?

Akwai wata kasuwa da ke ci a Turai da Amurka wadda da yawa daga cikinmu ba mu taɓa jin labarinta ba. Hajarta ita ce bajoji da lambobin yabo da allunan tagulla na ƙungiyar matasan Hitila, wadda aka kafa a Jamus a 1926, ta kuma rushe tare da gwamnatin 'yan Nazi a 1945. Masu tara waɗannan kaya suna bin gidajen gwanjo da shafukan intanet, suna juya bayan kowace lamba su duba hatimin maƙerinta, suna gardama a kan wacce ce ta gaske wacce ce jabu, gama jabun sun cika kasuwar. Mafi yawansu suna cewa su masu son tarihi ne kawai, ba ruwansu da aƙidar Hitila, kuma ba mu da hujjar ƙaryata su. Duk da haka ya kamata mu tambayi kanmu ko ya dace mai bi ya sayi irin wannan abu, ya goge shi, ya jera shi cikin akwatin gilashi a ɗakinsa yana jin daɗin kallonsa.

Bari mu fara da abin da aka ƙera lambobin domin su yi. Yaro yakan shiga ƙaramin reshen ƙungiyar yana da shekara 10, ya koma babban reshe a shekara 14, ya fita a 18. 'Yan mata kuma suna da nasu reshen. Bajon ɗan ƙungiya ƙarami ne, ja da fari, da baƙar suwastika a tsakiya. Sai kuma wuƙar ɗamara da aka zana wa kalmomi masu ma'anar jini da daraja. Akwai lambar ƙwazo ta baƙin ƙarfe da ta tagulla da ta azurfa, wadda ake samu da gudu, da harbi, da doguwar tafiya a ƙasa, da amsa tambayoyi a kan koyarwar jam'iyya. Ta zinariya kuwa an ware ta musamman domin waɗanda suka shiga tun kafin Oktoba 1932. Duk wanda ya taɓa duban fuskar yaro ranar da aka fara sa masa rigar hidimar bagade ya san abin da 'yar ƙaramar alama take yi wa zuciyar yaro. 'Yan Nazi ma sun sani, sun kuma yi aiki da saninsu. A Disamba 1936 doka ta mai da ƙungiyar ta dukan matasan Jamus, a Maris 1939 shiga ta zama tilas, lokacin nan 'ya'yanta sun kai wajen miliyan 8.

Inda hanyar ta ɓulle ba a ɓoye yake ba. A 1943 aka kafa rundunar tankokin yaƙi sukutum da yaran ƙungiyar, yawancinsu haihuwar 1926. Sun yi yaƙi a Nomandi cikin Faransa a 1944, dubbai suka mutu, waɗansu sojojin rundunar kuma suka harbe fursunonin yaƙi 'yan Kanada a harabar wani tsohon gidan sufaye. A Maris 1945, makonni kaɗan kafin faɗuwar Balin, an ɗauki hoton Hitila yana shafa kumatun yaran da aka ba lambar jarumta, har da mai shekara 12.

Amma kada mu yi saurin yanke hukunci, gama masu tarawa suna da abin faɗa. Ƙarfe ba ya zunubi. Har yau akwai masu musun kisan Yahudawa miliyan 6, kuma kowane abu da ya saura daga wancan zamani shaida ne a kansu. In aka narkar da shi duka an taimaki masu ƙarya. Ba kuma duk wanda ya rataya bajon ne mugu ba. Joseph Ratzinger, wanda ya zama Paparoma Benedict na 16, an sa sunansa a ƙungiyar a 1941 yana da shekara 14, domin doka ba ta bar masa zaɓi ba. Hans Scholl da kansa ya shiga, da murna, har ya zama shugaban rukuni, daga baya idonsa ya buɗe, aka sare kansa a Munik a Fabrairu 1943 saboda takardun da ya rarraba a kan Hitila. Iyalin da suka tsinci bajon kakansu a gindin akwati suka ajiye shi domin su gaya wa jikoki yadda aka yaudari yaron kirki, ba mu ga laifinsu ba.

Sai dai mu 'yan Katolika ba za mu iya fakewa da cewa abu abu ne kawai ba. Mu ne masu rataya lambar Maryamu a wuya, masu sumbatar gicciye ranar Jumma'a Mai Kyau, masu sa ƙasusuwan shahidai a cikin dutsen bagade. Mun san abin da mutum ya ajiye yana girmamawa yakan koya wa zuciyarsa wani abu a hankali. Wani zai ce: ai ku ma abin kisa kuka rataya a majami'unku. Gaskiya ne. Amma muna girmama gicciye ne saboda Wanda aka kafa a kansa. Ba mu taɓa jin Kiristan da ya bi kasuwa yana neman kwalkwalin sojan Roma da ya buga ƙusoshin domin ya ƙawata ɗakinsa da shi ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne ma'aunin da kasuwar take awo da shi. Lambar zinariya ta fi bajon kowa da kowa tsada. Me ya sa? Domin jam'iyya ta ba da ita ga 'yan kaɗan waɗanda suka fi daɗewa suna bin Hitila. Abin da ya fito daga hannun babban shugaba ya fi na ƙaramin yaro kuɗi. Wato darajojin da 'yan Nazi suka tsara, su ne har yanzu ake lissafi da su, sai dai yanzu da dala da yuro. Mai tarawa yakan jera kayansa daga ƙarami zuwa babba, ya yi marmarin wanda bai samu ba tukuna, ya yi farin ciki ranar da ya same shi. Wannan marmari kuwa shi ne ainihin abin da aka ƙera lambar ta haifar a zuciyar yaro ɗan shekara 12. Maƙerin ya mutu, gwamnatin ta faɗi, lambar tana nan tana aikinta. A gidan tarihi akan ajiye ta kusa da hoton kaburbura da sunayen waɗanda aka kashe, sai mai kallo ya ga tarkon da abin da ya kama. A kan ƙyallen karan-miski a ɗakin mutum kuwa, ƙyalƙyalinta kaɗai ake gani.

Dokar Jamus ta hana nuna waɗannan alamu a fili da rarraba su, sai domin koyarwa ko bincike ko abin da ya yi kama da haka. A Amurka kuwa doka ba ta hana ba. Amma lamiri ba ya jiran doka. Mu tuna da azurfa talatin na Yahuda: manyan firistocin da suka ƙulla cin amanar ma sun ƙi mai da kuɗin cikin baitulmalin Haikali, suka sayi fili da su domin binne baƙi. A 2019 wani ɗan kasuwa haifaffen Labanan, Abdallah Chatila, ya yi abin da ya tuna mana da wannan. Ya sayi hular Hitila da waɗansu kayan 'yan Nazi a wani gwanjo a Munik domin kada su faɗa hannun masu ɗaukaka su, ya ba da su kyauta, suka ƙare a Yad Vashem, gidan tunawa da kisan Yahudawa a Urushalima.

Akwai kuma matasan da ba su bar wa kasuwa kome ba, domin ba su karɓi lamba ba. Yarjejeniyar 1933 tsakanin Batikan da Jamus ta yi alkawarin kare ƙungiyoyin Katolika, amma a Yuli 1934 aka harbe Adalbert Probst, shugaban ƙungiyar wasanni ta matasan Katolika, zuwa 1939 kuma an rufe ƙungiyoyin. (Ba ma faɗin wannan domin mu wanke Ikkilisiya, iyaye 'yan Katolika da yawa sun miƙa 'ya'yansu ba gardama, makiyaya da dama kuma sun yi shiru.) Willi Graf ya ƙi shiga ƙungiyar Hitila tun yana ɗan makaranta, aka kashe shi a Oktoba 1943. Karl Leisner, shugaban matasa a dayosis na Münster, an kai shi sansanin gwale-gwale na Dachau yana dikon. A can, ranar 17 ga Disamba 1944, wani bishof Bafaranshe wanda shi ma fursuna ne ya naɗa shi firist a ɓoye, da sanda da zobe waɗanda fursunoni suka ƙera a asirce. Misa ɗaya tak ya yi, ranar tunawa da Istifanus shahidi, tarin fuka ya kashe shi a Agusta 1945 yana da shekara 30. A 1996 Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya sa shi cikin masu albarka a Balin, a filin wasan da gwamnatin Hitila ta gina domin gasar Olamfik ta 1936.