Littafin Bashin Mai Shayi

Nyanya ba ta jiran gari ya waye. Ma'aikatan da kuɗin hayar Wuse da Garki ya fi ƙarfinsu suna kwana a Mararraba da Masaka da Karu, tun asuba kuma su yi dafifi a tasha suna neman manyan motocin bas da za su shigar da su Abuja. A bakin wannan tasha akwai wani dattijo mai shayi, Bakatsine, shi da ɗansa. Uban ke haɗa shayi da soya ƙwai. Ɗan ke kai wa direbobi har bakin mota, kuma shi ke riƙe da littafin bashi, domin shi ya yi boko.

Ranar Litinin, 14 ga Afrilu, 2014, bakwai na safe bai cika ba, yaron ya ɗauki tire ya shiga tsakanin motoci. Bam ya tashi. Sama da mutum 70 suka rasu. Dattijon ya wuni yana zarya tsakanin asibitin Asokoro da Babban Asibitin Ƙasa, sai da yamma ya gane gawar ɗansa. A daren ranar aka sace 'yan matan Chibok, ba da jimawa ba hankalin duniya ya koma can. Da wani bam ya sake tashi a Nyanya ranar 1 ga Mayu, sai dattijon ya kife tukunyar shayi ya ce ya gama da Abuja.

Masu ta'aziyya na zuwa ɗakinsa a Mararraba. "Ya haƙuri, Malam?" Ya ce da godiya, amma baki kawai ke faɗa. Bayan sadakar arba'in ya yanke shawarar karɓo basussukansa ya koma gida. Ya kira 'yar maƙwabcinsa, ɗalibar sakandare, ta karanta masa littafin.

Yaron ba ya rubuta sunan yanka, sai laƙabi. Mai gadi ɗan Binuwai. Mama mai shara. Almajirai uku. Kwandasta mai tari. Yarinyar ta dakata, ta ce, "Baba, waɗannan duk an ja musu layi. A gefe ya rubuta: a cire a ladana."

Dattijon ya yi shiru. Sau nawa ya yi wa yaron faɗa cewa kuɗin aikinsa ba ya albarka, yana ƙarar da shi a katin waya? Ko a makon da ya rasu sai da ya kira shi almubazzari a gaban mutane, yaron kuwa ya sunkuyar da kai. A daren nan ya yi kukan da bai yi a maƙabarta ba. Masu cewa sanin alherin mamaci na sanyaya zuciya sun faɗi rabin zance ne. Wani lokaci ƙuna yake fara ƙarawa.

Da ya nemi mai gadin, sai ya same shi a Karu yana dogara sanda, ƙafarsa ɗaya ta tafi a harin. Mutumin na ganinsa ya nemi durƙusawa.

"Baba, ni ya kamata in zo. Wata huɗu ba a biya mu albashi ba, kullum in na ce a rubuta, sai yaronka ya ce, Baba ya ce a bar shi. Har a cocinmu na sa an yi maka addu'a."

Haka Mama mai shara ta faɗa. Haka kwandastan ya faɗa, har ya ƙara da cewa ranar da tari ya sarƙe shi, an kawo masa shayi da citta aka ce Baba ne ya aiko.

Dattijon ya dawo gida jiki a sanyaye ya gaya wa matarsa. "Wallahi ban taɓa cewa a bar wa kowa ko sisi ba. Mutane na gode mini a kan abin da na zage shi saboda shi."

Ita da tun rasuwar ba ta cika magana ba, sai ta ce, "Malam, ranar jana'iza liman ya tambaya ko ana binsa bashi, aka ce babu. Ashe shi ke binka. Ya ara maka suna, ka yi ta yawo da shi ba ka sani ba. In ka tafi Katsina, wa zai biya?"

Bai amsa ba. Kwana da kwanaki yana juya maganar. Ranar da ya sake hura wuta, a bakin titin Mararraba ya kafa teburinsa, domin har yau ƙafarsa ba ta iya taka tashar Nyanya. A ƙarshen shekarar mutanen Gwoza da suka tsero daga Boko Haram suka fara cika sansanonin Durumi da Kuchingoro, wasunsu na zuwa har nan neman aikin ƙarfi. Da yawansu sun binne fiye da yadda ya binne. Ba ya tambayarsu labari, su ma ba sa tambayarsa. Yakan tura kofi da rabin burodi, in mutum ya fara laluben aljihu ya ce, "An biya."

Ciniki bai ƙaru ba, wani watan ma da ƙyar ake haɗa kuɗin haya, kuma duk Litinin da safe hannunsa na rawa in ya ɗaga buta. Wata rana wani direba da ya san su tun a tsohuwar tasha ya ga an sallami mutum uku ba ko kwabo, ya ce, "Baba, haka za ka karya jarinka. Wai wa ke biyan nan?"

Dattijon ya ce, "Yarona. Miƙo kofinka, na ga tun jiya ba ka yi lodi ba."