Kwabon Jai da Tambayar Ƙaddara

Duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya a Kano ya san dokar da yara ke faɗa wa juna: akta ba ya mutuwa. Komai yawan yaran bos, komai harsashin da za su ɓarar, ƙarshenta akta zai miƙe ya kakkaɓe riga ya auri budurwarsa. Da wannan sanin muke biyan kuɗin ƙofa, amma bai taɓa hana cikinmu ɗurar ruwa ba idan aka kama shi aka ɗaure. To in an san ƙarshe, me ake jira? Tambayar ba ta tsaya a silima ba. Ita ce dai samari ke yi wa malamai a kan ƙaddara.

Sholay, fim ɗin Ramesh Sippy na 1975, ya karya dokar. Jai, wato Amitabh Bachchan, yana da wani kwabo da yake cillawa sama duk lokacin da shi da amininsa Veeru suka rasa matsaya, kuma kullum zaɓinsa ke faɗowa. Ran da yaran bos Gabbar Singh suka rutsa da su a bakin gada, harsashi ya kusa ƙarewa, dole ɗaya ya tsaya ya tare, ɗaya ya tsere da Basanti, budurwar Veeru. Aka cilla kwabo, tsayuwa ta faɗa kan Jai. Sai bayan ya cika Veeru ya duba kwabon, ya ga gaba da baya duk fuska ɗaya ce. Abin ya girgiza mu, amma ba wanda ya fito yana cewa an cuce shi. Kwabon yana gaban idonmu tun farkon fim, mu ne ba mu nemi a juya mana shi ba.

Ku haɗa wannan da abin da wasu masu shirin dogon zango ke yi mana yanzu. An shafe watanni ana bin yarinya marainiya, rana tsaka sai wata tsohuwa ta ɓullo daga ƙauye ta ce ai 'yar Alhaji ce, musanya aka yi a asibiti. Ko a jefa jarumi cikin hatsarin mota don marubuci ya rasa yadda zai yi da shi. Ni rainin hankali nake kiran wannan.

Daraktan fim Alfred Hitchcock ya taɓa bambance abin a hirarsa da François Truffaut. Mutum biyu na hira, bam ya tashi a ƙarƙashin teburinsu: mai kallo ya razana na daƙiƙa 15, shi ke nan. Amma in an nuna masa bam ɗin tun farko, ga agogo a bango, sai ya yi minti 15 ransa a hannunsa, kowace kalmar banza da suka furta ta yi nauyi. Ashe sani shi ke ƙara wa kallo zafi.

Mu da muke zuwa tafsirin azumi ba sai Bature ya koya mana ba. Suratu Yusuf aya 111 ce, kuma tun a aya ta 4 yaro ya ba mahaifinsa labarin mafarkinsa na taurari 11 da rana da wata suna yi masa sujada. An gama faɗin ƙarshe. Sai a aya ta 100 mafarkin ya tabbata, bayan rijiya, da cinikin bayi, da gidan Aziz, da kurkuku. Duk shekara a karanta, duk shekara ka ga dattijo yana share ido da hannun riga idan an zo inda Annabi Yusuf ke bayyana kansa ga 'yan'uwansa. Abin da ke riƙe shi shi ne hanya: yadda rijiyar da aka jefa yaron a cikinta don a rabu da shi ta zama matakinsa na farko zuwa mulkin Masar, kuma 'yan'uwan da zaɓinsu suka jefa shi, shi ya sa suka nemi gafara.

A nan nake samun ɗan abin riƙewa idan aka ce, tunda Allah ya san makomar kowa, mene ne amfanin aiki? Wanda ya maimaita Sholay ya san Jai zai mutu, amma saninsa bai ja kunamar bindiga ba. Sani daban, tilas daban. Sahabbai ma sun yi wannan tambaya, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito, aka umarce su da su ci gaba da aiki.

Sai dai misalin yana ɗingishi, kuma gara a faɗa. Mai kallo bai halicci Jai ba, Allah kuwa shi ya halicci bawa da aikinsa, kuma a daidai wannan gaɓa Mu'utazilawa da Ash'arawa suka daɗe suna ja-in-ja. Fim ba zai raba musu gardama ba. Ga kuma wani bambanci: mu ba a kujerar masu kallo muke ba, cikin labarin muke, ba mu ga takardar marubuci ba. Annabi Musa, da girman matsayinsa, sau uku yana tanka wa Khidir, a kan huda jirgi da kashe yaro da gyaran katanga, domin bayanin sarki mai ƙwace jirage da na dukiyar marayu bai zo masa ba sai lokacin rabuwarsu.