Sunan Palmer da Tambayar Gadon Ibada

Daga cikin sunayen dangi na Ingila, wato sunayen da zuriya ke gada daga uba zuwa ɗa, akwai Palmer, wanda ya shigo ta harshen Faransancin Normawa, mutanen da suka ci ƙasar da yaƙi a 1066. Asalinsa laƙabi ne na Kiristan da ya ziyarci Birnin Ƙudus ya komo riƙe da reshen dabino, ko da ganyensa ɗaure a jikin sandarsa, domin ya zama shaidar cewa ƙafarsa ta taka ƙasa mai tsarki bayan watanni na wahalar teku da tudu. Wajen shekarar 1400, lokacin da yawancin iyalan Ingila suka riga suka tsaya a kan suna guda, laƙabin ya sauka a kan jikokin da ba su taɓa barin ƙauyensu ba.

Tambaya mai nauyi a nan ita ce ko ana gadon ibada kamar yadda ake gadon gona, tun da yake falalar tafiyar tana rataye da niyyar wanda ya yi ta. Hausawa sun tsaya inda ya fi dacewa, domin a ƙa'ida laƙabin Alhaji na wanda ya sauke farali ne, ɗansa kuwa iyakarsa a kira shi ɗan Alhaji. Turawan Ingila sun bar kalmar ta rabu da aikin, har ta iso Arewa a jikin H. R. Palmer, jami'in mulkin mallaka da ya wallafa fassarar Tarihin Kano a 1908.