Jan da Ke Isowa

Duk lokacin da na gaya wa wani a wurin aikinmu cewa ni ɗan Gangara ne ta ƙasar Sabon Birni, sai fuskarsa ta canza. Wani ya ce, "Allah sarki, sannu." Ban taɓa jin wanda ya tambaye ni yadda gero ya yi bana ba. Na daɗe ina jin haushin wannan gaisuwa, sai wata rana da almuru ina kallon rana ta yi ja za ta faɗi, na tuna wani darasi da muka yi a makaranta.

Hasken rana fari ne, amma launukan bakan gizo duka suna cikinsa, kowanne da tsawon zangonsa. Na shuɗi gajere ne, wajen nanomita 450, na ja kuwa ya kai 700. A 1871 wani masani ɗan Ingila, Lord Rayleigh, ya nuna cewa ƙananan ƙwayoyi sun fi watsa haske mai gajeren zango. Ƙwayoyin iska kan watsa shuɗi kusan ninki shida na yadda suke watsa ja. Shi ya sa da tsakar rana duk inda ka duba a sama shuɗi za ka gani. Da yamma kuwa rana na gefen ƙasa, haskenta na ratsa iska mai kauri fiye da ninki 30 na wadda yake ratsawa idan tana tsaka. Kafin ya iso idonka shuɗin ya zube a hanya, saura ja. Ranar ba ta canza ba, tafiyar ce ta yi nisa.

Haka labarin garinmu yake. Kafin ya bar Sabon Birni ko Isa ya kai Sakkwato, ya kai Kano da Abuja, ya faɗo cikin wayarka, bukin suna ya zube a hanya, girbin wake ya zube, yaron da ya sauke Alƙur'ani ya zube. Jini ne kaɗai ke da ƙarfin doguwar tafiya.

To, ga tambayar da ta hana ni sakat: wanda ya yaɗa jan nan kaɗai, ya yi ƙarya? Bai yi ba. An kashe mutane, an kore dabbobi, an ɗora wa ƙauyuka haraji da bakin bindiga, dubbai sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi. Wanda ya ce a rufe wannan don kare sunan Gobir ya ci amanar waɗanda aka binne. Mun kuma ɗanɗana shiru. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a yankinmu, mutum sai ya nemi inda layin Nijar ke kamawa kafin ya ce wa ɗansa yana raye. Duhu bai fi ja ba.

Amma gaskiyar da ta iso rabi tana da nata lahani. Wanda bai san wuri da komai ba sai mutuwa, a hankali yakan ɗauka mutuwa ce ɗabi'ar wurin, kamar yadda yaro ke ɗauka ja ne launin rana. Daga nan ya daina firgita. Ba a jin zafin rushewar abin da ba a taɓa sanin yana tsaye ba.

Ni da nake rubuta manhaja na san yadda wannan tacewa ke aiki. Facebook da ire-irensa suna tura gaba abin da mutane suka fi tsayawa a kai, mu kuwa mun fi tsayawa kan abin tsoro. Saboda haka iskar da labari ke ratsawa ba wani ba ne, mu ne, da yatsunmu.

Iska kuma iri biyu ce. Tsabtatacciya tana watsa haske har ya shiga inuwar bedi da cikin zaure. A duniyar wata, inda babu iska, sama baƙa ce ko da rana tsaka. Hazon hunturu kuwa, da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, ƙwayoyinsa manya ne, suna watsa kowane launi kusan daidai, sama ta yi fari fat, ka kasa hango ƙarshen gonarka. Hoton gawar wata ƙasa da aka liƙa wa sunan ƙauyenmu, da saƙon murya marar asali, su ne wannan hazo. Ba ƙarin haske suke kawowa ba.

Jiya na kira mahaifiyata. Na ce, "Inna, ina labari?" Ta ce sai alheri, ta faɗi wanda aka ɗauke a hanyar gona, ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce akuyarta ta haifi biyu. Duka biyun ta ba ni. Idan na isar da ɗaya na bar ɗaya, laifin ba na nisan hanya ba ne, nawa ne.