Ƙaddara da Amanar Yaro a Bakin Murhu

Duk ranar da tafasasshen ruwa ya kwaro wa yarinya a cinya, ko man suya ya fallatsar mata a fuska, maganar masu zuwa dubiya kusan guda ce: tsautsayi ba ya wuce ranarsa, Allah ya sa kaffara ne. Maganar gaskiya ce, kuma babu musulmin da zai yi jayayya da ita, domin imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, yana cikin shika-shikan imani. Sai dai a gidaje da yawa ana ɗora wa wannan magana aiki biyu. Na farko shi ne kwantar da hankalin uwa, kuma wannan aikinta ne na halas. Na biyu shi ne rufe bakin duk wanda zai tambayi wa ya bar 'yar shekara bakwai ita kaɗai da tukunyar talge, kuma wannan aiki addini bai ba ta shi ba. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, koya wa yaro girki haƙƙinsa ne a kan manyansa, tsare shi daga wuta yayin koyon kuma amana ce da za a tambaye su a kanta, kuma ambaton ƙaddara ba ya sauke ko ɗaya daga cikin biyun.

A fara da yadda abin yake aukuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe mutum wajen 180,000 a kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma cikin abubuwan da ta lissafa masu jawo wa yara ƙuna har da ɗora wa ƙananan 'yan mata girki da renon ƙanne. Wanda ya san madafar gidajenmu ba ya bukatar a fassara masa wannan. Murhun duwatsu uku a ƙasa yake, daidai tsayin mai rarrafe. Kurfoti yana tangaɗi idan aka ɗora masa tukunyar da ta fi shi girma. Kaskon ƙosai yana zaune a ƙofar gida, inda yara suke guje-guje da almuru. Kananzir kuwa sau da yawa a gorar ruwa ko kwalbar lemo ake ajiye shi, yaro mai ƙishirwa ya ɗauka ya kafa kai. Hatsarin da yake maimaita kansa a wuri guda, a lokaci guda, ga masu shekaru kusan guda, yana da sababi sananne, kuma duk abin da aka san sababinsa an san ta inda za a tare shi.

Magana mafi ƙarfi da ake kawowa a nan ita ce, abin da aka rubuta zai sami yaro sai ya same shi, ko da an ɗaure shi a ƙafar gado. Haka ne, amma wanda ya fi kowa sanin ƙaddara bai fahimce ta a matsayin dalilin naɗe hannu ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa Al-Ash'ari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina cikin dare. Da labari ya isa ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya gargaɗi mutane cewa wuta abokiyar gaba ce, ya umarce su da kashe ta idan za su kwanta. Ya ɗauki mutuwar waɗannan bayin Allah, wadda babu shakka ƙaddararriya ce, ya fitar da doka daga cikinta domin masu rai. A hadisin Jabir ma an yi umarni da rufe ƙorai, da ɗaure bakin salka, da kashe fitila, har aka faɗi dalili, cewa ɓera yana iya jan lagwani ya ƙona gida. Haka Sayyidina Umar ya fahimta lokacin da ya isa Sarg a hanyarsa ta zuwa Sham, ya ji annoba ta ɓarke, ya yanke shawarar komawa da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, shi kuma ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar take, kamar yadda makiyayin da ya zaɓi gefen kwari mai ciyawa ya bar busasshe bai fita daga hukuncin Allah ba. Uwar da ta juya hannun kasko zuwa bango, ta ɗaga kurfoti daga hanyar yara, ba ta yi wa ƙaddara tawaye ba. Mutum bai san abin da aka rubuta ba sai bayan ya auku, abin da ya sani kafin nan shi ne abin da aka umarce shi, kuma a kan wannan ne hisabi yake.

To, a kan wa umarnin yake? Shari'a ta ɗauke alƙalami daga yaro har sai ya balaga. Idan 'yar shekara takwas ta manta mai a wuta ta tafi kallon wasa, ba ta da laifi a wurin Allah, domin mantuwa da ɗaukewar hankali su ne yarinta kanta. Nauyin da aka ɗauke mata bai ɓace ba, ya koma kan wanda aka ba kiwonta, kamar yadda sanannen hadisin nan ya sanya kowa makiyayi abin tambaya, ya ambaci namiji a kan iyalinsa da mace a gidan mijinta. Malaman Malikiyya, da suka zo kan sharuɗɗan mai reno, sun sanya amana da iya ɗaukar ɗawainiyar yaro a ciki. Akwai kuma wata ƙa'ida a farkon Suratun Nisa'i da ta dace da wannan batu matuƙa. An hana miƙa dukiya ga wanda bai san tattalinta ba, sannan aka yi umarni da jarraba marayu kafin a danƙa musu nasu, sai an ga shiriya tare da su. Malaman tafsiri irin su Alƙurɗubi sun bayyana jarrabawar da cewa a ba yaro ɗan abu kaɗan ya juya ana kallonsa, a ga yadda zai yi. Idan kuɗi, waɗanda in sun salwanta ana iya samun wasu, ba a miƙa su sai mataki-mataki, ina ga tukunyar mai mai tafasa, wadda tabonta yake bin fuska har kabari?

Wannan mataki-mataki ba baƙon abu ba ne a gidan Bahaushe, an dai fara sakinsa ne. Yarinya tana fara girki da tuwon ƙasa a gwangwani tun ba ta iya ɗaura zane ba. Daga nan sai aikin da babu wuta a cikinsa: tsince shinkafa a faifai, gyaran wake, tankaɗe, wanke kayan miya, ɓare tafarnuwa, dama fura. 'Yar shekara shida tana iya haɗa kwaɗon zogale daga farko har ƙarshe idan babba ya dafa ganyen ya sauke: ta bari ya huce, ta matse ruwan, ta zuba dakakken ƙuli-ƙuli da gishiri da ɗan yaji, ta sa albasar da aka yanka mata, ta ɗiga mai, ta cakuɗa. Ta yi girki na gaske, an ci an sa mata albarka, ba ta kusanci garwashi ba. Bayan wannan sai wuƙa, a kan katako, ba a tafin hannu ba kamar yadda manya suke yi da kuɓewa. Sai tukunyar ruwa, babba yana tsaye: ta koyi buɗe murfi ta gefen da ba ya fuskantarta domin tururi, ta koyi saka ɗanwake daga kusa da bakin ruwa, kada ta wurgo shi daga sama ya fallatso. Dafa-duka da wake da shinkafa suna zuwa a nan, domin girki ne mai haƙuri. Tuƙin tuwo yana jira sai hannu ya yi ƙwari, saboda talge yana tsartuwa kuma yana manne wa fata. Suya cikin mai mai yawa, ƙosai ko awara ko dankali, ita ce ta ƙarshe, kuma ba a ba da ita sai yarinya ta san cewa man da ya kama da wuta ba a watsa masa ruwa, kashe wutar ake yi a kifa masa murfi. Ba shekaru kaɗai ake dubawa ba. Wata 'yar tara ta fi 'yar sha biyu natsuwa, kuma uwa ta fi kowa sanin wace ce wace.

Wani zai ce, in haka ne, me ya kai yaro madafa tun farko, a bar shi mana sai ya girma. Wannan ma cin amana ne ta wata fuskar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wanda bai koyi zama da wuta a gaban uwarsa ba, zai koya shi kaɗai a ɗakin makaranta da risho, ko a gidan aure da tukunyar gas, inda babu mai cewa kul. Hana koyo ba ya kawar da hatsari, ɗage shi kawai yake yi zuwa ranar da babu mai tsaro. Kuma wannan bai tsaya kan 'ya'ya mata ba. Nana A'isha ta shaida cewa Annabi yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida, saboda haka babu hujjar addini ga mai ganin cewa riƙe ludayi yana rage wa ɗa namiji daraja. Yaron da bai iya dafa wa kansa shinkafa ba, ranar da mahaifiyarsa ta kwanta ciwo ƙaramar ƙanwarsa za a tura bakin murhu, nauyin ya sauka a kan wadda ta fi kowa rauni.

Akwai kuma masu cewa iyayenmu mata haka suka koya, kuma ƙunar farko ita ce malamar da ba a mantawa. Lalle ɗan zafin murfi a yatsa yana koyar da abin da dogon bayani ba ya koyarwa, amma kifewar tukunya ba darasi ba ce. Fatar yaro ta fi ta babba laushi, zafin da zai yi wa babba bororo yana iya cin naman yaro, ya bar shi da yatsu a manne ko wuya a ɗaure. Sannan iyayen da ake misali da su a babban gida suka koya, tsakar gida cike da kaka da gwaggo da matan baffanni, idanu goma a kan yarinya guda. Yau sau da yawa uwa ce ita kaɗai a gidan haya, ga goyo, ga sana'a. Madafar ma ta sauya. Da itace ne da zanen auduga, yanzu ga gas mai yoyo ba a gani sai dai a ji wari, ga kananzir da wasu marasa tsoron Allah suke gauraya wa fetur, ga dogon hijabi na yadin roba wanda yake narkewa ya manne a jiki idan ya kama. Wanda ya ce a koya yadda aka koya da, sai ya dawo da idanun da suke tsaro a da.

Ƙorafin da ya fi taɓa zuciya shi ne na talauci, cewa wannan magana dukan wanda ya riga ya faɗi ce, domin uwar da ta bar 'yarta da tukunya ba son ranta ba ne, ruwa ta je ɗebowa. Wannan gaskiya ne, kuma tarihin sahabbai ya san irinsa. Imamu Ahmad ya ruwaito labarin Muhammad ɗan Haɗib, wanda mahaifiyarsa Ummu Jamil ta taho da shi daga Habasha. Ana saura kwana ɗaya ko biyu su isa Madina ta ɗora girki, itace ya ƙare, ta fita nema, yaron ya jawo tukunyar ta kife masa a hannu. Ta kai shi wurin Annabi, ya yi masa tofi da addu'a, kuma ruwayar ba ta kawo wani zargi da aka yi mata ba. Daga nan muna koyon ladabi: ba a tsayawa a kan uwar da ɗanta yake kwance a tuhume ta, Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Amma rashin zargin wadda larura ta fitar bai zama lasisi ga wanda sakaci ya zaunar ba, kuma yawancin matakan tsaro ba kuɗi suke ci ba. Sauke tukunya kafin a fita kyauta ne, haka cire hijabi a ɗaure ɗankwali kafin a kunna wuta, haka ajiye kananzir a sama cikin galan ɗin da ba a sha da shi, haka cewa maƙwabciya ta sa ido. Abin da yake cin kuɗi kuwa, kamar sauya tiyon gas da ya tsage ko gina wa murhu ɗan katanga, yana cikin ciyarwar da shari'a ta ɗora wa maigida. Namijin da ya ga risho yana yoyo wata da watanni bai gyara ba, ba shi da bakin cewa matarsa ta yi sakaci.

Ko bayan abin ya auku, riƙo da sababi bai ƙare ba, kuma a nan ne ake yawan ƙara wa yaro ciwo da sunan taimako. Ana shafa man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko manja, ko gishiri, alhali wasu cikinsu zafin suke riƙewa a fata, wasu kuma ƙwayoyin cuta suke kai wa buɗaɗɗen rauni. Abin da likitoci suka tabbatar shi ne a kwarara ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a kan wurin na tsawon minti 20, a zare zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, kada a ɓamɓare tufar da ta manne, kada a fasa bororo, a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Idan tufa ce ta kama da wuta, a kwantar da yaron a mirgina shi a ƙasa ko a lulluɓe shi da bargo mai kauri, domin gudu iska yake ba wutar. Ƙunar da ta taɓa fuska, ko hannu, ko al'aura, ko gaɓa, ko ta kai faɗin tafin hannun yaron, ta asibiti ce a ranar, kuma addu'ar da za a yi masa ana iya yinta a hanya.